Kwalba Biyu a Hannu Ɗaya

Auta tana ɗaure wa Babanta roba a dantse ta lura ɗan tabon da ke fatar idonsa ya ƙara faɗi. Rawaya ne, kamar ɗigon kyandir da ya daskare a kusurwar idon hagu, daf da karan hanci. Bara bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Ta san irin wannan tabon yakan nuna kitse ya yi yawa a jini. Ta goga auduga a lanƙwasar hannun, jijiyar ta taso ta tarye ta. Jijiyoyin Baba ba sa ɓuya, don ba su da naman da za su ɓuya a ciki.

"A hankali, Auta," in ji shi, yana kallon silin. "Ɗan abin da ya rage min ke nan, kada ki kwashe duka."

Umma ta yi dariya daga kan bencin bakin ƙofa, irin dariyarta da ke girgiza benci da duk wanda ke zaune a kai. A unguwarsu, idan su biyun suka jero a hanya, lamba goma ake ce musu: shi ne ɗayan, ita ce sifirin. Shekara talatin da huɗu suna shan wannan tsokanar, har ta zama kamar sunan gidan.

Jinin ya hau cikin 'yar kwalbar a natse. Auta ta zare allurar ta danna masa auduga, kafin ta juyo da biro har ya saukar da hannun rigarsa ya miƙe, wai akwai telan da ke jiransa a shago tun jiya. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa, kuma a wurinsa keken da ya tsaya ya fi kowane majiyyaci gaggawa. Ya ce da Umma kada ta sauka bene da sauri, ta riƙe ƙarfe, sannan ya fita.

Umma ta cika kujerar da ya bari. Ba ranarta ba ce, rakiya ta zo, amma watanni ke nan tana kukan ciwon cinyoyi da sha-raɓa, shi ne Likita ta ce ita ma a ɗebi nata a gani. Auta tana laluben jijiyar da ta nutse can cikin laushin hannun, Umma tana ba ta labarin gida. Wai tsufa ya sa Babanta soyayya. Bokiti ba ya barin ta ɗauka. Kwandon cefane yana ganinsa a hannunta zai karɓe. Ko kitsen nama ya hango a kwanonta, sai ya miƙo hannu ya ɗauke ya cinye, wai taimakonta yake yi.

"Da ƙuruciya ban samu wannan gatan ba," in ji ta. "Sai yanzu da haƙora suka fara sallama."

Auta ta yi murmushi. Ta rubuta suna da lamba a jikin kwalbar, ta jera ta kusa da ta Baba.

Ɗakin gwajin yana hawa na biyu na wani ƙaramin asibiti. Taga ɗaya gare shi, kuma da hantsi rana takan shigo ta ratsa jerin kwalaben da aka riga aka juya a inji, jan ya kwanta ƙasa, ruwan ya taso sama kamar zuma marar kauri. Wannan lokacin Auta ta fi so. Mutane sukan ɗauki shirunta a matsayin girman kai, alhali ita dai ta fi iya hira da jinin mutum a kan mutumin. Takan tsaya ta kalli kwalba, ta ga kamar wani gari ne a ciki, mai lunguna siri-siri, da masu kaya suna wucewa ba dare ba rana.

Likita ce ta sa mata wannan hoton a kai, wata bakwai da suka wuce, ranar da aka kawo Baba bayan ƙirjinsa ya riƙe shi a tsakiyar wani bene, da kan keke a kafaɗarsa. Bayan an yi musu gwaji shi da Umma, ta zaunar da su ta yi musu bayani da sauƙi. Kitsen da ke yawo a jini, wanda ake kira kolestarol, ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai ɗauko kaya daga hanta yana zubarwa a gefen hanya, kaɗan-kaɗan, har hanyar ta tsuke: shi ne mugun. Akwai mai bi yana sharewa ya mayar: shi ne mai kyan. Na Baba mai zubarwa ya kai ɗari biyu da goma sha huɗu, ga shi masu sharar kaɗan ne, kuma mutumin da zuciyarsa ta riga ta yi masa gargaɗi, so ake a mayar da nasa ƙasa da saba'in. Na Umma kuwa tas, casa'in da takwas, masu shararta sun fi na mai shekara talatin. Likita ta ce wani lokaci a jini ake gadon abin, ba ruwansa da ƙiba. Sai a lokacin Auta ta tuna Baffa, wan Baba, siriri kamar sanda, wanda ya sunkuya zai ɗaure igiyar takalmi yana da shekara hamsin da biyu, bai ɗago ba.

Ranar Baba bai yi musu ba. Ya karɓi takardar magani ya ninke ta huɗu. Tun daga nan, kowane farkon wata Auta ke kai masa kwalin da hannunta, kuma kowane ƙarshen wata takan tarar da shi wayam.

Wajen sha biyu injin ya fitar da sakamako. Ta karanta na Baba a tsaye, ta sake karantawa a zaune. Ɗari biyu da ashirin da ɗaya.

Likita, dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce wannan maganin, ko dutse aka ba wa, da ya sauka da kusan rabi. Ko dai ba ya sha, ko kuwa akwai abin da ba su gane ba, kuma ita a shekarunta na aiki, na farkon ya fi yawa. Auta ta ce yana sha, ita ce shaida. Likita ta dube ta ta saman tabarau ta tambaye ta ko ta taɓa ganin ƙwayar ta wuce maƙogwaronsa. Sannan ta ɗauki ta Umma, ta ɗaga gira. Hamsin da huɗu. Ta ce a tambayo Hajiyar sirrinta, su ma su ɗana. Kafin Auta ta fita ta ƙara da cewa, a wannan lambar, da wannan zuciyar, ba ta son a sake yin wata guda a banza.

Umma tana nan kan benci tana matsa ƙafa, ta cire takalmi ɗaya. Auta ta zauna gefenta, ta ce jininta lafiya lau, sai dai a bincika ciwon ƙafar. Umma ta yi hamdala, sannan ta rage murya, kamar mai jin nauyin abin da za ta faɗa.

"Ni fa ba raina kyauta nake ba. Amma tunda na fara shan ƙwayoyin nan naki ƙafafun suka fara."

"Waɗanne ƙwayoyi, Umma?"

"Na ƙarfin jikin nan da kike aiko min. Farare, ƙanana. Babanki ke ba ni bayan cin abinci, da hannunsa, ya tsaya a kaina sai na haɗiye. Ya ce kin ce kada in yi fashi ko na rana ɗaya."

Wata ma'aikaciya ta wuce tana tura keken marasa lafiya babu kowa a ciki, ƙafarsa ɗaya tana ƙara. Auta ta bi shi da ido har ya sha kwana. Ta ji muryarta, kamar ta wata, tana cewa Umma ta dakata da su daga yau, an canja tsari, za ta yi mata bayani a gida. Ta raka ta har bakin titi ta sa ta a mota. Sannan ta koma ta nemi izinin awa biyu, karo na farko tun da ta fara aiki.

A cikin bas ta samu gefen taga. Rana ta take, garin ya yi fari, komai yana tafiya kamar a ƙarƙashin ruwa. Ta kalli wuyan direba, ta kalli hannun matar da ke riƙe da ƙarfe, da wani ƙato mai gyangyaɗi, da wata siririyar tsohuwa mai jakar leda a cinya, ta ga kowannensu ɗauke da garinsa a ciki, da lungunansa, ba mai sanin inda kaya suka taru. Ta shirya maganganu masu zafi tun daga tashar farko. Kafin ta kai ta biyar duk sun narke.

Shagon Baba ɗan tsukakke ne, tsakanin mai yankan gilashi da mai sayar da maɓallai. Ƙamshin man keke da kananzir ya tarye ta tun daga ƙofa, ƙamshin da ta tashi a cikinsa. Kawunan kekuna baƙaƙe suna jere a kan kanta kamar dabbobin da suka kwanta hutawa, kowanne da zare ɗaure a wuya: kore na wannan tela, shuɗi na wancan. Baba bai taɓa yarda da rubutu a takarda ba. Takarda takan faɗi, in ji shi, ƙulli ba ya faɗuwa.

Yana sunkuye a kan wani keke da ya buɗe wa ciki. Da ya ɗago ya gan ta da farar rigar aiki a wannan lokacin, sai sukundireban ya tsaya a iska.

"Ummanku?"

"Lafiyarta ƙalau. Ta tafi gida."

Ya sauke numfashi. Ya janyo mata 'yar kujerar da take zama a kai tun ƙafafunta ba sa kaiwa ƙasa. Ta zauna, ta ajiye takardun biyu a kan teburin, gefen gwangwanin kusoshi, ta ce Umma ta gaya mata zancen ƙwayoyin ƙarfin jiki.

Bai yi gardama ba. Ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da tsumma, ya daɗe yana yi. Da ya fara magana, da keken yake yi, ba da ita ba. Ya ce ranar da aka fara ɗibar jininsu, satinta uku da fara aiki. Ta ɗebi nasa, ta ɗebi na Ummanta, sai shugabanta ya ƙwala mata kira daga ciki. Ta tashi da kwalaben biyu a hannu ɗaya, ba rubutu a jikin ko ɗaya. Da idonsa ya gani. Da aka dawo aka ce shi ne mai kitse, Umma ce tas, sai ya san abin da ya faru.

"Ido ba mudu ba ne, Auta, amma ya san kima. Dube ni. Ina kitsen zai zauna? A aljihu?"

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"In faɗa wa wa? In ce da Likita 'yata ta haɗa jinin uwarta da na ubanta, tana cikin watannin gwaji? Shekara biyar kina karatun nan." Ya juya wata ƙaramar kusa a tafin hannunsa. "Ita kuma Ummanku, kin san ta. Ciwon kai ma idan aka ba shi suna, kwanciya take. Sai na ga magani dai ga shi, mai ciwon ga ta. Na haɗa su, ba wanda ya ji kunya."

Auta ta kalli ƙasa. Abin da ya fi ƙona ta shi ne, gaskiya ya faɗa. Ta tuna kiran, ta tuna ɗumin kwalaben biyu a tafinta. Ta Baba ce ta wajen babban yatsa, haka ta riƙe a ranta har ta kai tebur ta rubuta. Tun daga ranar ba ta sake tashi da kwalba marar suna ba, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Ta ce amma na yau fa, ga shi ya nuna abu guda. Ya ce na yau ma ai bai ga lokacin da ta rubuta ba. A hankali ya faɗa, ba da niyyar cin fuska ba, kamar yadda yakan gaya wa tela cewa kekensa ya tsufa. Ta gwada ta wata hanyar, ta ce shi da kansa ya koya mata cewa keke yana iya ƙyalli a waje alhali tsohon mai ya daskare masa a ciki. Ya yi 'yar dariya ya ce ai shi keke buɗe shi yake ya gani, ba kwalba yake aika wa wani ba.

"To zo ka gani," in ji ta.

Ya dubi keken telan, ya dube ta. Wataƙila wani abu ya gani a fuskarta, don nan take ya miƙe. Ya rufe cikin keken da tsumma, ya yanki jan zare kamu ɗaya ya sa a aljihu, ya ja ƙofar shagon.

Suka hau bas zuwa asibiti. Kafaɗarsa tana taɓa tata duk lokacin da bas ɗin ta yi birki, ba nauyi, kamar ta yaro. Auta ta san lissafin ba ya ƙarya: na Umma ya sauka ne don ita ke shan maganin, nasa ya tsaya don bai sha ba. Duk da haka ta riƙa buɗe tafin hannunta tana kallo, tana neman wajen da kowace kwalba ta kwanta wata bakwai da suka wuce.

Likita ta ji labarin a tsaye a bakin ofishinta. Ta cire tabarau ta murza idanu, ta ce ta ga masu ɓoye magani a ƙarƙashin katifa, ta ga masu ba wa kaji, amma yau ta ga sabo. Ta sa hannu a takardar sake gwaji. Ta ba Auta ƙwaya ɗaya daga cikin durowarta, ta ce idan ya yarda, a fara yau.

A ɗakin gwaji Baba ya naɗe ɗaya hannun rigar da kansa. Ya ce ya sha shayi da rana, ko zai ɓata? Ta ce akwai wani nau'in kitse na uku da ke tashi bayan cin abinci, amma wanda suke nema ba ya motsi sosai don kofin shayi. Wannan karon bai kalli silin ba. Ya kalli allurar ta shiga, ya kalli jinin ya hau. Da ta zare kwalbar, ya miƙo hannu ya karɓa, ya ɗaura mata jan zaren a wuya, ƙulli biyu, ya ja da haƙori. Sannan ya ba ta ta rubuta.

Suka jira jinin ya kwanta. Ya bi ta har gaban injin juyawa, hannuwansa a baya. Da injin ya ɗauki gudu, ya karkata kai ya saurara, ya ce wannan yana neman mai a ƙasan, nan da wata uku zai fara kuka. Da ta buɗe, kwalbarsa ta rabu biyu, jan a ƙasa, ruwan zuma a sama, zaren yana nan. Ya ɗaga ta saitin taga. Hasken la'asar ya shiga ciki ya zauna. Ya ce shi bai ga kitse ba. Ta ce ba a ganinsa, shi ya sa ake aunawa.

Ya tsaya a bayanta lokacin da ta ɗiga ruwan a ɗaya injin, bai ɗauke ido ba. Agogon bango yana tafiya. Can ƙasa wani jariri ya yi kuka ya yi shiru. Lambar ta fito a allon, koriya, ita kaɗai.

Ɗari biyu da goma sha tara.

Baba ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya karanta da leɓɓansa. Ya koma ya zauna a kujerar ɗibar jini, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwoyi. Auta ta jira ya tambayi abin da zai faru da shi, ko shekara nawa, ko maganin zai iya cim ma watannin da suka wuce. Ta shirya amsoshin.

"Ke nan ita ba ta da komai?"

"Ba ta da komai, Baba. Ciwon ƙafar ma wataƙila maganin ne, zai tafi."

"Zuciyarta?"

"Ta fi tawa."

Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Wani abu ya saki a fuskarsa, wanda sai yanzu da ya saki ta gane ya daɗe a ɗaure. Ya yi dariya marar sauti, kafaɗunsa kaɗai ke motsi, ya sa bayan hannu ya goge ido.

"Duk kitsen naman nan da na ci mata," in ji shi.

Ta zuba ruwa a kofin roba, ta ajiye ƙwayar a kan 'yar takarda kusa da shi. Ba ta ce ya sha ba. Aka ƙwanƙwasa ƙofa: wata tsohuwa ce da takardar gwaji, tana ba da haƙurin zuwa a makare. Auta ta ja labule rabi, ta zaunar da ita a ɗaya kujerar, ta juya wa Baba baya.

A gilashin kabad ɗin da ke gabanta tana iya ganinsa, dishi-dishi, a tsakanin inuwar kwalabe. Tana ɗaure wa tsohuwar roba ta ga ya ɗauki ƙwayar ya juya ta a tafinsa, kamar yadda yake duba kusa kafin ya ɗaura. Tana sa allura ta ga ya kai baki, ya bi da ruwa, maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Ya saukar da hannun rigarsa ya ɓalle maɓallin. Ya miƙe, ya tsaya a bayan labulen yana kallon hannunta, har ta gama rubuta sunan tsohuwar a jikin kwalba tun kafin ta saki audugar.

Ƙofar ba ta yi ƙara ba. Sai takunsa ta ji a kan bene, ɗaya bayan ɗaya, ba irin saurin da ta san shi da shi ba. A tsakiya takun ya tsaya. Ta riƙe numfashi, yatsanta a kan audugar tsohuwar. Ya huta iya yadda ya ga dama, sannan ya ci gaba da sauka.